Shekara goma ba a kira sunan Kalolaine ba

Idan ƙararrawar sujadar asuba ta kaɗa a tsibirinmu na Ha'apai, mata sukan ɗaura tabarmar ƙugu su nufi coci. Kalolaine Fifita kuwa takan hura wuta ta ɗora ruwa. Ta juya mahaifinta, ta canja masa shimfiɗa, ta goge masa jiki, ta shafa masa man kwakwa, sannan ta marmasa gwaza cikin romon kifi ta riƙa ba shi a baki. Shekara goma sha ɗaya tana haka, tun ranar da ɓarin jikin mahaifin nata, Sitaleki, ya shanye a cikin kwalekwalensa, har ya rasu a watan Yunin bana. Koyarwa take yi a firamare kafin nan. Ta ajiye aikin a makon farko.

Da hidimar ta tsaya nan, da ba wanda zai ce uffan. Amma kowa a ƙasarmu Tonga ya san ɗa ko 'ya ba sa taɓa kan mahaifinsu, kamar yadda ba sa cin ragowar abincinsa. Saboda haka wani ɗan'uwa na nesa ne yake zuwa duk Asabar ya wanke wa tsohon kai, ya yi masa aski. Bayan wata huɗu ya samu aikin gona a New Zealand ya tafi, inda yayyen Kalolaine maza biyu suke tun tuni. Mako shida kan bai ga ruwa ba, har ƙeya ta yi gyambo.

Losaline, nas ɗin da ke zagaya tsibiran nan, tana cikin ɗakin ranar da abin ya faru. Ta ce ta shaida wa Kalolaine cewa ciwon yana buƙatar wanki safe da yamma, ita kuma sau ɗaya jirgi yake kawo ta a wata. Kalolaine ta durƙusa gaban gadon, ta kira mahaifinta da sunansa, yadda 'ya'ya suke kiran iyaye a nan.

"Sitaleki, zan wanke maka kai."

Tsohon, da karkataccen bakinsa, ya ce, "Gwaggonki za ta cinye ki ɗanya."

"Ta zo ta shaƙi warin nan tukuna, mu gani ko za ta iya cin wani abu."

Ya yi dariya har da tari, sannan ya sunkuyar mata da kai. Ta yi gajeriyar addu'a, ta sa hannu.

Gwaggon ita ce Meleseini, yayar Sitaleki, wadda maganarta ce ta ƙarshe a dangi, kuma a lokacin ita ke shugabantar zumuntar mata. Ta ce yarinyar ta wulaƙanta ƙaninta. A watan Satumba, ranar da ake kiran sunayen mata a coci, kowace ta miƙe cikin fararen kaya ta amsa da aya ko baitin waƙa, Kalolaine ta roƙi wata maƙwabciya ta zauna da tsohon. Ta zo da ayarta a ka. Mai karanta sunaye ya tsallake nata. Ta zauna har aka yi albarka, ta koma gida a ƙafa. Mai wannan rubutu yana layi na uku a ranar. Bai ce komai ba, kuma ba shi kaɗai ba ne. Haka aka yi ta tsallakewa har sau goma.

Ba ta kai ƙara wurin kowa ba, ba ta kuma sauya coci ba. Ranar Lahadi takan buɗe tagar da ke kallon cocin, ta jingina mahaifinta da matashi, su bi waƙoƙin daga nesa. Faston da ke kai musu Jibin Ubangiji ya ce ya taɓa tambayarta ko tana nadama. Ta ce masa an umarce ta ta girmama mahaifinta, kuma ba ta ga yadda za ta girmama shi ƙuda na bin kansa ba. Ya kuma lura da wani abu: ragowar abincin tsohon, aladu take zuba wa. Ko sau ɗaya ba ta kai shi bakinta ba.

Kalolaine, ke ce kika riƙe al'adar nan duk inda za ta riƙu, kika sake ta a wuri ɗaya kawai, inda riƙe ta zai ruɓar da mutum da ransa. Mun san haka tun a lokacin. Tsoron tsohuwa ɗaya ya rufe mana baki.

A watan Agustan bana Meleseini ta faɗi ta karye a ƙugu. 'Ya'yanta suna Sydney. Maƙwabta sun ce washegari da safe suka ga Kalolaine ta shiga gidan da kwano da tawul.

"Ke ce?" in ji tsohuwar.

"Ni ce. Ɗaga hannu."

Meleseini ba ta nemi gafara ba, amma ta aika wa fasto cewa a mayar da sunan. A Satumban nan aka kira shi, sau biyu, a cocin da ya cika maƙil. Ba a amsa ba. Tsohuwar ta tashi da zazzaɓi, Kalolaine na can tana jinyarta, kuma babu ko mutum ɗaya cikinmu da ya tuna ya je ya karɓi Kalolaine.

Mun gode miki, 'yar Sitaleki, duk da godiyar ta zo a makare. Duk mai tsoho a gida ya je ya ga yadda kike juya mara lafiya ba tare da kin fama masa ciwo ba. Sauranmu kuma aikinmu bai kai wannan ba. Sujadar kiran suna awa biyu ce. Satumba mai zuwa, wani ya je ya zauna da Meleseini, domin Kalolaine ta miƙe ta amsa sunanta da bakinta.