Kunnen Ƙashi: Jinjina ga Inna Raɗa

Ɗakinta shi ne na ƙarshe a barandar asibitin, bayan inda ake jibge karyayyun gadaje. Ba taga. An lulluɓe bangon da soso, ƙofar kuwa sai an sa kafaɗa take rufuwa. Kullum da safe takan goge abin sawa a kunne da auduga, ta ɗora a kanta, ta saurari kowace ƙara ta na'urar auna ji, mai kauri da siririya, kafin ta yarda ta ɗora wa wani. Daga nan sai zaman jira. Wata rana a zo, wata rana ko ƙuda. Ta ci abincinta ita kaɗai, cikin shirun da mutum ke jin bugun zuciyarsa.

Sama da shekara talatin ta yi tana auna jin mutane. Inna Raɗa ake ce mata, don ba wanda ya taɓa jin ta ɗaga murya. Ko a sashensu, sau tari sai an watse daga taro ake tuna ba a kira ta ba.

Amma ku tambayi maƙerin nan da ta yi ta bi har ya yarda ya riƙa toshe kunne a bakin aiki. Ku tambayi tsohuwar da jikoki suka ce ta fara ruɗewa, ashe dauɗa ce ta cushe mata kunne.

Ranar da za ta ajiye aiki, mai shara ce kaɗai ta leƙo yi mata sallama, ita ce kuma ta ga abin da ya faru. Wani direba ya turo ƙofa, yana jaye da 'yarsa, ba ta fi shekara bakwai ba.

"Inna, ni ba don na ga ciwo na zo ba, uwarta ce ta matsa. Auta kunnen ƙashi gare ta, shi ke nan. In na daka tsawa ta ji, in na aike ta kamar da bango nake. Malaminsu ya gaji, ni ma na gaji. Daga yau ta gama makaranta."

Inna ta dubi yarinyar. Akwai shatin bulala a ƙwaurinta, kuma ba idon ubanta take kallo ba, bakinsa take kallo.

"Kunnen ƙashi ka ce? Ai kai ma shi gare ka."

"Ni, Inna? Da girmana?"

"Da girmanka da gemunka. Bayan dodon kunne, wannan tantanin mai kamar fatar ganga, akwai 'yan ƙasusuwa uku. Magana ta bugi gangar, su kuma su miƙa ta ciki, ga wani abu mai kamar katantanwa, jijiya ta kai wa ƙwaƙwalwa. In ruwa ya taru a wurin, sai su yi nauyi, su kasa rawa."

Ta zagaya bayan yarinyar, ta kira ta a hankali. Shiru. Ta haska kunnen, ta ga tantanin ya dushe. Abin da ya rage shi ne a san ko can ciki na da rai. Ta ɗauko wani ƙarfe mai yatsu biyu, ta buga a gwiwar hannunta, ta kai kusa da kunnen. Auta ta ɗan yamutsa fuska kawai. Sai ta dafa gindin ƙarfen a kan ƙashin bayan kunne.

Yarinya ta zabura. "Laa! Waƙa yake yi!"

Inna ta sauke ajiyar zuciya. "Ciki lafiya lau, hanya ce ta toshe. Likita zai zuƙe ruwan. Matso, ɗan nan. Ɗora haɓarka daidai nan, ka kira ta. Ba da muryar kiran fasinja ba."

Direba ya durƙusa, ya jingina haɓarsa da ƙashin bayan kunnen 'yarsa. Ya kira ta a hankali.

"Auta."

"Na'am, Baba."

Bai tashi ba. Ya daɗe a durƙushe, hannunsa a kan ƙwaurinta, daidai shatin. Da Inna ta ce, "Makaranta fa?" sai ya ce, "Gobe da kaina zan kai ta."

Suka tafi wajen likita. Inna kuwa ta naɗe wayoyin na'urarta, ta miƙa makulli, ta tari motar gida, inda maigidan ya daɗe da rasuwa, 'ya'ya kuma kowa na garin da aiki ya kai shi. Ba taro, ba jawabi.

To, Inna, ga namu jawabin. Ke ce kika zauna cikin shiru don wasu su ji. Ke ce mai sauraron waɗanda aka gaji da yi wa magana. Yara nawa suka koma aji ta dalilinki, ba sa ma tuna fuskarki? Mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya sa ki huta cikin lafiya, ya kawo masu ɗebe miki kewa.

Mu kuma da muka rage, iyaye da malamai, mu ɗauki hannunta. Duk ranar da yaro ya ƙi amsa kira, kafin a ɗauko bulala, a kai shi a duba kunnen. Wataƙila ya daɗe yana jira ya ji an kira shi a hankali.