Wanda Ya Ja Mini Wayar Kuloci

Garba Makaniki ya rasu.

Na rubuta, na karanta, har yanzu ban yarda ba. Da safen nan ina karyawa ɗansa Sani ya kira ni, ya ce Baba ya cika bayan asuba. Na ce wane Baban? Wallahi haka na tambaye shi, sai ka ce yana da wani uban.

Mutumin da na baro ran Juma'a yana tsokanata!

Yaran yanzu sun san shi tsoho ne mai carbi a ƙofar gareji. Ni na san shi tun shekarun saba'in, lokacin da kuɗin fetur suka shigo, kowane saurayi a Haɗeja ya ga sai ya hau babur. Idan ruwa ya janye aka gama yankan shinkafa, akwai wani fako a hanyar Auyo da muke zuwa tsere. Biyu-biyu ake jerawa. Alƙali ya tsaya a gaba, ya cire hularsa ya jefa sama. Sai ta taɓa ƙasa za ka tashi. In ka tashi tana sama, ka faɗi, ko da kai ka fara kaiwa. Ka yi haka sau uku, an kore ka daga filin ke nan, ba dawowa.

Ni kuwa na riga na yi biyu.

Babur ɗina lafiyarsa ƙalau, ni ne mai zumuɗi. Hannuna ba ya jira. Samarin garin Malam Madori har suna suka sa mini, wai Gaggawa. In na shigo fili sai su riƙa dafe hulunansu suna ƙyaƙyata dariya. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Ana gobe wani tsere na kai wa Garba babur ya canza mini fulogi. Ya dube ni ya ce, "Manu, ka ci abinci kuwa?" Ya turo mini kwanon tuwonsa da miyar kifi, ya juya baya ya kama aiki. Haka yake, ba a barin garejinsa da yunwa.

Washegari aka jera ni da wani ɗan Auyo. Hula ta tashi. Na saki kuloci tana sama, na ce shi ke nan, na sake yi. Sai na ji ihu, alƙali bai tsayar da ni ba. Ashe daidai na tashi. Na kuma ci tseren.

Daga ranar ban ƙara riga hula ba. Na tsufa ina ba 'ya'yana labarin yadda na koya wa kaina haƙuri a rana ɗaya. Sun ji shi har sun gaji.

Ran Juma'ar nan na je gaishe shi, na tarar da jikokinsa, na ɗauko musu labarin. Ya bari na gama tsaf, sannan ya yi dariya har da tari.

"Kai Manu, ka ji tsoron Allah. Wane haƙuri? Kana cin tuwo na ja maka wayar kuloci, yadda ba zai kama ba sai ka sake shi gaba ɗaya. Hannunka yana nan da haukarsa, babur ɗin na jinkirta. Duk kawo shi da ka yi bayan nan, sai na duba wayar."

Na ce, "Yaya Garba, shekara hamsin ka yi shiru?"

Ya ce, "To, na ga kana jin daɗin labarin naka."

Na tashi ina mita, na ce zan dawo mu yi shari'a. Yana ɗaga mini hannu yana dariya har na sha kwana. Godiya ma na ajiye ta sai zuwa na gaba, don na ɗauka akwai wata Juma'ar.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Allah ya jiƙan Garba, ya haskaka makwancinsa, ya rufa masa asiri ranar gobe yadda shi ma ya rufa mini a bainar jama'a. Allah ya ba Sani da 'yan'uwansa haƙuri.

Don Allah, duk wanda ya karanta ya tsaya ya yi masa addu'a. Ita kaɗai ce godiyar da za ta iya kai masa yanzu.