Ranar da Muka Fasa Daɓen Ɗakina

Ni 'yar Gummi ce, aure ya kai ni wani ƙauye tsakanin Bukkuyum da Anka. Shekarun da zinare ya yi daraja, babu gidan da ba a daka dutse a cikinsa. Maza su haƙo a daji su kawo cikin buhuna, mu mata mu daka, wani lokaci a turmin da muke surfe. Ƙurar takan kwanta a kan tabarma da murfin randa, mu share mu ci gaba da harkokinmu. Na yi sakandare, na san sunan dalma a littafi, amma ban taɓa zaton ita nake kaɗewa daga zanena ba.

Sai yara suka fara mutuwa. Yaro ya yi amai, ya kama jijjiga, kafin a ankara an kai shi makwanci. Muka ji haka ake yi a ƙauyen Sunke ma. Daga baya masu aikin lafiya suka zo suka ɗebi jinin yara, aka ce gubar dalma ce, tana cikin ƙasar gidajenmu. Ɗiyata, wadda ban daɗe da yaye ta ba, tana cikin waɗanda aka ce jininsu ya yi muni. Ta daina tafiya ta koma rarrafe, in na kira ta sai ta dube ni kamar daga nesa.

Akwai magani, amma an ce ba za a fara ba yaro ba sai an kwashe ƙasar gidansu an zuba sabuwa, don in ya warke ya dawo cikin gubar, aikin banza aka yi. Ma'aikatan kwashe ƙasa duk maza ne, da diga da shebur da baro. Maigidana kuwa yana can wata mahaƙa cikin daji inda waya ba ta shiga, kuma kafin ya tafi ya bar wa wansa amana cewa kada namiji baƙo ya wuce masa zaure.

Na aika wa Yaya, wan nasa, na sake aikawa. Daga ƙarshe na tsaya a bayan zaure da kaina ina roƙonsa. Ba mugu ba ne, amma ya ce ba shi da ikon buɗe gidan da ba nasa ba, in yi haƙuri an tura mai babur neman ƙanensa. Ga damina ta kawo kai, an ce da ruwa ya sauka sosai hanya za ta yanke, ma'aikatan su tafi. Kullum ina jin ƙarar baronsu a gidajen maƙwabta, suna matsowa, har suka tsallake namu. Ranar na yi sallar azahar na kasa tashi daga sujada. Ban san ma abin da nake roƙo ba, sunan yarinyar kawai nake maimaitawa.

Inna, mahaifiyar maigidana, tana zaune da mu. Yaya ɗanta ne na fari, ba ta faɗin sunansa, kuma ban taɓa jin ta yi masa magana kai tsaye ba sai dai ta aika. Washegari da hantsi ta fita zaure ta same shi, ina laɓe ina ji.

“Kai wanga,” in ji ta, “mi ƙanenka ya hana? Maza ko aiki?”

Ya ce maza.

“To aro muna diga.”

Tare da ma'aikatan akwai mace guda, mai riƙe da na'urar da ake ɗora wa ƙasa a auna gubar. Ita an yarda ta shigo. Ta zagaya ta nuna mana inda za a kankare: gindin turmi, bakin murhu, tsakar gida duka, da cikin ɗakina, inda maigidana yakan jingine buhunan dutse. Ta ba mu abin rufe hanci, ta ce mu riƙa yayyafa ruwa, mu kai yara wani gida. Ta dubi hannuwana ta dubi na Inna, na ga ba ta sa rai.

Ban taɓa riƙe diga ba. Sara na farko ta kuɓuce ta kusa samun ƙafata. Kafin la'asar tafukana sun ɗuri ruwa sun fashe, kuma abin da muka kankare bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Na zauna a ƙasar ina kuka. Inna ta ce in tashi, hawaye ba su isa yayyafin da aka ce ba.

Ashe maƙwabta suna jin mu. Akwai 'yar kafa a darnin bayan gida inda mata ke bi ɗibar wuta ko aron rariya. Da safe ta nan suka fara shigowa, wata da fartanyar mijinta, wata da kwanon awo. Cikinsu har da wadda ta binne yara biyu a watan nan. Na ce mata ta koma ta huta, ta ce a ɗakinta ba hutawa take yi ba.

Ɗakina ya fi ba mu wuya. Daɓensa waɗannan matan ne suka yi shi lokacin bikina, da makuba da waƙa, ya yi ƙarfi kamar siminti. Wata dattijuwa ta ce da ta san ita za ta fasa shi da ba ta buga shi da zuciya ɗaya ba. Muka yi dariya cikin ƙyallen hanci, ta farko da na yi tun da yarinyar ta kwanta. Muna cika buhu mu ja shi zuwa bakin zaure, maza su karɓa daga waje. Na hangi Yaya a cikinsu, ya naɗe hannun riga.

Da mai na'urar ta dawo ta auna, ta ce tsakar gida ya yi, amma ɗakin da saura. Hadari ya haɗu a gabas, ɗiyata kuma da safen nan ta yi jijjigar da idanunta suka kafe. Na kama gefen hijabin matar na ce ta rufa mini asiri ta ce ya yi. Ta ce in ta yi haka ni ta cuta. Ta ajiye na'urarta a kan turmi, ta karɓi shebur daga hannun Inna.

Mun ƙara zurfin kamu guda. Aka auna, ya yi. Sabuwar ƙasa ma a ka muka shigo da ita, yayyafi na dukanmu.

Aka saka mu a motar da ke kai yara asibiti a Anka. Hannuwana ba sa lanƙwasuwa, sai da damatsa na rungume yarinyar. Na ce wa Inna in ɗanta ya dawo ya tarar na fita ba izininsa fa? Ta ce wannan nata ne, ni in je da nawa.

Ɗiyata ta rayu, alhamdu lillahi. Tana tafiya, tana cin abinci da hannunta. Magana ce har yau ba ta iya sosai ba, kuma an ce mini kada in sa ran za ta yi karatu kamar sa'o'inta. Ina kai ta makarantar duk da haka.