Kyamara Mai Jan Tambari

Har yau idan na ji ƙaurin karan dawa a wuta, sai in ji zuciyata ta karye, don Kaka nake tunawa. Sunanta aka sa mini, shi ya sa ba ta kirana da komai sai takwara. Gidanmu a Jibiya yana bayan hanyar da manyan motoci ke bi zuwa Maraɗi. Lokacin ɗari, da an idar da sallar isha'i, sai ta ja tabarmarta bakin murhu, ta miƙe kumburarrun ƙafafunta, mu kuma mu kewaye ta. Shekarun ne aka ƙaddamar da shari'a, kiɗan dandali ya ja baya, 'yan mata suka rage fita gaɗa. Bakin Kaka ya zama shi ne dandalinmu.

Kaka tana da yaya mai suna Iya Hajo, a wani ƙauye can bayan Maraɗi. Sun daɗe ba su ga juna ba, don tsufa ya zaunar da kowacce a ɗakinta. Mai kai musu saƙo shi ne Isuhu, wani direban babbar mota mutumin Maraɗi, abokin yayana Sale. Ya kai daddawa, ya dawo da cuku. Wata rana sai ya dawo da hoto. Shi ya ɗauka da 'yar kyamararsa, wadda yake jefawa a akwatin mota tare da sifana da goro. Ga Iya Hajo zaune kan turmi, ɗankwali a karkace, akuya na leƙe ta bayanta.

Kaka ta kai hoton kusa da wuta, ta daɗe tana kallo. "Ashe haka Hajo ta koma?" ta ce, sai hawaye. Isuhu ya ce an ba shi saƙo: ita ma a aiko da nata, yayarta tana son ta gan ta ko a takarda ne kafin ta cika.

Abin ya zo daidai, a ganinmu, don Yaya Sale bai daɗe da sayar da babur ɗinsa ba ya sayi kyamara, wai zai shiga sana'ar hoto. 'Yar ƙarama ce, ta shiga aljihu, mai idon da ke miƙewa ya jawo abin da ke nesa. Tana da jakar fata da ɗan jan tambari na wani kamfani mai suna, kuma saboda tambarin nan ya biya kusan ninkin kuɗin ta Isuhu. Isuhu ya juya ta a hannu, ya yi dariya.

"Sale, wannan da tawa uwa ɗaya uba ɗaya suke. Wuri guda aka ƙera su, riga kawai aka canja ma taka."

"Kai mi ka sani ban da sitiyari?" in ji Yaya. "Alhazai ba ciki suke dubawa ba, suna suke dubawa."

Ban ce ƙarya ya yi ba. 'Yan kasuwar hatsi da dillalan shanu sun riƙa kiransa saboda tambarin. Amma kyamarar nan ta zame masa kamar ƙwai a cokali. Ya naɗe ta a tsumma, ya sa a jaka, ya kulle jakar a akwati. Ko inuwarta ba ya bari mu taka.

Da Kaka ta ce ya ɗauke ta, sai ya riƙe baki. "Haba Kaka, cikin hayaƙin nan? Toka ta shige mata ido? Ki bari sai Sallah, ki ɗaura sabon zane, in yi miki hoton da Iya Hajo za ta san kina da jika." Isuhu ya ce to shi bari ya ɗauka yanzu, tunda jibi zai koma. Nan fa Yaya ya fusata. Wai kakarsa ba za a ɗauke ta da kyamarar akwatin sifana ba, yana da rai. Kaka, da ba ta son jikanta ya ji kunya gaban baƙo, ta mayar da abin wasa. "Bar shi, Isuhu. Mai gidana ya hana, ni wace ce?"

A daren nan Yaya yana zaune daga gefe yana goge jakar fatarsa, Kaka ta gyara zama ta ce, "To, ga ta nan ta doso, wa zai tare ta?" Muka ce ta iso mu ji ta.

Wai duma guda ne aka fafe, ya ba da ƙorai biyu. Mai fafewa ya bar ɗaya fara, ɗaya kuma ya yi mata zane da wuta. Wata mata ta sayi farar da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Maƙwabciyarta kuwa ta ba da tunkiyarta sukutum ta karɓi mai zanen, ta rataye ta a ragaya can kusa da rufin ɗaki. Farar ƙwarya ta sha fura, ta sha nono, ta je rijiya, ta je gona. Ta fashe, gyartai ya ɗinke ta, ta koma aiki. Mai zane tana sama, sai dai a nuna wa baƙi.

Rannan uwar mai ƙwaryar zane ta zo daga tafiya mai nisa, ƙishi ya kama ta. Kaka ta maƙale murya ta kwaikwayi tsohuwar: "Ɗiyata, ba ni ruwa." Sannan ta ɗaga hanci ta kwaikwayi ɗiyar, har muka yi dariya: "Inna, ruwan randa bai kai darajar ƙwaryata ba. Ki jira in samo zuma da madarar safe." Maƙwabciya ta miƙo farar ƙwarya cike da ruwa, ɗiyar ta ture, wai uwarta ta fi ƙarfin ƙwarya mai ɗinki. Ta fita neman zuma. Ko da ta dawo, tsohuwa ta jingina da bango, ta riga ta tafi. Ta sauko da ƙwaryar don ko ruwan wankan gawa a ɗiba da ita, sai ta tarar gara ta cinye ƙasanta, zanen kaɗai ya rage.

"Ƙurunƙus," in ji Kaka, "ɓera ya gudu da saura." Babu wanda ya yi dariya a ƙarshen. Na ce, "Kaka, to mi ya sa tsohuwar ba ta fizge ruwan ta sha ba?" Ta tura kara cikin wuta ta ce, "Takwara, uwa ba ta kunyata ɗiyarta gaban mutane." Yaya Sale ya tashi ya shige ɗakinsa. Ya ji, wallahi ya ji, sai dai ya ɗauka tsokanar jika ce irin wadda suka saba.

Kaka ba ta ga Sallah ba. Cikin azumi kumburin ya hau har ciki, ta rame a fuska, ta ce ita kam kada a aika wa Hajo wannan kamannin, a bari ta ji sauƙi. Ba ta ji ba. Sabon zanen da Yaya ya saya mata yana cikin ledarsa aka ba da shi sadaka. Isuhu ne ya kai labari Maraɗi. Ya ce Iya Hajo ta miƙo hannu tana tsammanin hoto ne ya kawo, shi kuma ya rasa inda zai sa idonsa.

Bayan wasu shekaru idon kyamarar ya maƙale, ya ƙi shiga ya ƙi fita. Yaya ya kai ta wurin mai gyara a Katsina. Mutumin ya ciro ido daga wata matacciyar kyamara irin ta Isuhu, ya sa mata, ya zauna daram. Yaya ya biya mai gyaran, ya dawo da ita gida ya mayar akwati. Bai sake ɗaukar hoto da ita ba.

Yanzu wayar kowane yaro tana yin abin da kyamarar nan ta yi. Duk da haka idan na ji ana gardamar ko kaya mai babban suna ya cancanci ƙarin kuɗinsa, raina yakan ɓaci, in tashi daga wurin. Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar tana cewa ne kada a yaudare ka da zane. Ba nan ciwon yake ba. Hoton kyamarorin biyu iri ɗaya ne, wanda ya biya don jaka da tambari kuɗinsa ne, ruwansa. Abin da tsadar ta yi mana shi ne ta sa kyamarar ta fi ƙarfin gidan da aka kawo ta. Na daɗe ina jin haushin Yaya, yanzu tausayinsa nake ji, don shi bai yafe wa kansa ba.

Mun taɓa zama ni da shi muka bi tsofaffin hotunansa ɗaya bayan ɗaya. Alhazai da babbar riga, dillalai riƙe da ƙahon sa, motoci cike da buhuna. A can farko akwai wanda ya ɗauka ranar da ya sayo ta, yana gwada jawo wata kurciya a kan katangarmu. Kurciyar ta fito tas, har jan idonta. A ƙasan hoton, daga kusurwa, akwai hannu dishi-dishi riƙe da kara, ana tura shi cikin murhu.

Na sa aka sake wanke mini hoton na rataye a ɗakina. 'Ya'yana suna ce masa hoton tsuntsu. Ranar da ƙaramar ta tambaye ni yaya fuskar Kaka take, na buɗe baki zan kwatanta mata, sai na ga ta Iya Hajo ce kaɗai ke zuwa mini, da turminta da akuyarta.