Kalmar da Malam Aji Ya Ɓoye

Malam Aji marowaci ne, kuma bai taɓa musun hakan ba. Abincinsa kowa na ci, amma abin da ya sani ba ya koya wa kowa. Yakan ce wanda ya koya wa maƙwabci saƙa ya shirya kwana da yunwa.

Ɗan Haɗeja ne, akawu a wani ofishi a Dutse. Da aka kawo musu intanet mai bi ta wayar tarho, shi aka tura Kano ya koyo. Ya dawo da kalmar sirrin da ke buɗe layin, ya shigar da ita, ya sa kwamfuta ta riƙe, ya yaga takardar da aka rubuto masa ita don kada wani ya gani. Shekara uku dannawa kawai yake yi, na'ura ta yi ƙugi da tsuwa, layi ya buɗe. A gurbin kalmar ba a ganin komai sai jerin taurari.

Cecilia ce mai buga takardu a ofishin, 'yar Filato, tana zaune a unguwar Takur. 'Yarta Hephzibah ta sami gurbin karatun jinya kyauta a waje, da sharaɗin ta amsa ta imel kafin azahar ɗin Juma'a. Ran Litinin Malam Aji ya danna, na'ura ta yi tsuwarta, ta ce kalmar ba daidai ba ce. Ya maimaita har sau bakwai. Sai ya goge taurarin don ya rubuta ta da hannunsa. A nan ya gane babu ita a kansa, ko harafin farko.

"Baba Aji, ko in shiga mota in tafi Kano in aika daga can?" in ji Cecilia.

"Ki je Kano ina raye? Ruwa ne ya shiga waya. Gobe za ta bushe."

Talata ya canja igiyar waya. Laraba ya gwada sunan garinsu, da na mahaifiyarsa, da lambar babur ɗinsa, da manyan baƙaƙe da ƙanana. Da ya buga wa kamfanin intanet ɗin da ke Kano, da sun ba shi sabuwa. Amma tarho ɗaya ne a ofishin, yana kan teburin Cecilia, kuma ba zai iya cewa ya manta tana ji ba.

"Baba, wannan ruwa naka ba ya bushewa ne?" ta ce masa ran Alhamis, tana dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Ke dai buga takardunki, Sisiliya. Kowa da kiwon da ya karɓe shi."

Sai da aka sauko daga masallacin Juma'a ya tsaya a gaban teburinta ya faɗi gaskiya. Ba ta zage shi ba. Ta rufe keken rubutunta da ƙyalle, ta ɗauki jaka ta fita. Da ta isa Kano ta aika da amsar, aka ce an riga an ba wata gurbin.

Hephzibah ba ta yi karatun ba. Kafin shekara ta zagayo Cecilia ta ajiye aiki, suka koma gida, ba ta bar wa kowa adireshi ba. Malam Aji ya ci gaba da aiki har ya yi ritaya, babu wanda ya ko tuhume shi.

Yanzu yana unguwar Yalwawa, ido ya tafi, ƙafa ta ƙi. Duk wanda ya je duba shi, in ya ji mutum na da hanyar Jos, sai ya riƙe masa hannu.

"Ka tambayar mini wata Sisiliya da ta yi aiki a Dutse. Ban san ƙauyensu ba, ban taɓa tambaya ba. In ka same ta, ka ce ta yafe mini. In ta ƙi, ka zo ka faɗa mini hakan."