Zauren Roba na Gwaggo Tasalla

A danginmu na Kazaure, idan za a yi jere, wato a je a shirya wa amarya ɗakinta kafin a kai ta, ba a tambayar wa zai jagoranci mata. Gwaggo Tasalla ce, yayar babana. Doguwa ce sosai, irin wadda ke rataya labule ba ta hau kujera ba. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, jere kuwa kyauta take yi, suna kawai take ci da shi.

Sunan ya taɓa samun tabo. Shekarun baya, a wani biki a Gwiwa, doguwar kujerar amarya ta ƙi wuce zaure. Zauren gidan ƙasa, da kwana ake gina shi, wato lanƙwasa, don kada na waje ya hango cikin gida, kuma wanda ya gina wancan bai yi lissafi da kujerar zamani ba. Dole aka kawo gatari aka sare gefen ƙofa, mai gidan yana tsaye yana kallo. Tun daga ranar Inna Saude ta laƙaba mata Mai-rushe-zaure. Inna Saude taubashiyarta ce, 'yar kawunta, don haka wasa ya halatta a tsakaninsu. Gajeriya ce ƙwarai, tana yawon sayar da turare gida-gida. Ita tana kiran Gwaggo Giginya, Gwaggo tana kiran ta Tulu.

Bulon roba ya shigo gidanmu ta hannun maƙwabciyarmu Madam Angelina. Da aka yi mata canjin wurin aiki, ta bar wa yaran gidan bokitin fenti cike da kayan wasan 'ya'yanta, ƙananan bulo ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, kowanne da 'yan ƙululai a ka waɗanda ke shiga cikin na samansa su riƙe. Yara suka yi ta faɗa a kansu suna watsarwa a tsakar gida, har ran da Gwaggo ta taka ɗaya ba takalmi tana hanyar alwala. Ta ƙwace bokitin, ta ce a bola zai kwana.

Bai kwana a bola ba. Bayan 'yan kwanaki na shiga ɗakinta da la'asar na same ta ta miƙe ƙafa a tabarma, ta gina rumbu a kan faranti, tana neman abin da za ta yi masa jinka.

“Me kike kallo?” ta ce. “Dubawa nake ko akwai mai kaifi, kada ya yanki yara.”

Daga rumbu ta koma injin markaɗe, daga nan ta gina ɗakinta da kansa, da gadonta da randarta. Ƙululan nan ita ƙuraje take ce musu, kana jin ta tana cewa a miƙo mata ja mai ƙuraje huɗu. Ta rarraba su a gwangwanayen madara, kowane launi da nasa. Inda bulo ya yi tsawo, sai ta sa tsohuwar wuƙa a murhu ta yanke shi da zafi, gidan ya gauraye da ƙaurin roba. Inda biyu suka manne, haƙori take sa musu. Ƙyallen atamfa ya zama labule, murfin kwalba ya zama kwano, takardar alawa mai ƙyalli ta zama madubi. Duk mai zuwa kasuwar Babura sai ta ba shi sautu ya duba mata wajen masu gwanjo. Wasu idan an kawo ba sa riƙo, sai ta cusa musu ɗan guntun leda su kama.

A hankali wasa ya zama aiki. Kafin kowane jere sai ta je gidan ango ta auna zaure da ɗaki da kamu, wato daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsa, ta je wajen kafinta ta auna kaya, ta dawo ta gina komai a faranti, ƙuraje biyu kamu ɗaya. Ba ta yin rufi, don ta riƙa ganin ciki. Sai ta tura 'yar kujerar roba ta cikin ɗan zauren da yatsa. In ta wuce, shi ke nan. In ta maƙale, kafinta ya rage tsawo tun kafin ya sa yadi. Ba a sake sare ƙofar kowa ba, amma Inna Saude ba ta janye sunan ba, ta ce ai ajiye shi ta yi.

Sai aka sa ranar auren yayata Ikilima da Zaharadeen, ɗan Roni. Gidan kakansa Malam Halliru za ta zauna, tsohon gidan ƙasa mai zaure da kwana. Labarin Gwiwa ya riga ya isa kunnen Malam, kuma kowa ya san bakin da ya kai shi. Ya aiko da saƙo cikin mutunci cewa zauren nan mahaifinsa ne ya gina da hannunsa, yana roƙon kada a ɓantare masa ko ɗan yatsa. Gwaggo ta mayar da amsa a gaban mutane: in ƙasa ta zuba daga zauren nan saboda kayanta, ta bar jere har abada.

Matsalar ita ce awo. Bikin wasu ne take shiga ta auna, amma wannan na 'yar ƙaninta ne. Bai dace gwaggon amarya ta je gidan surukai kafin biki tana dafa bango ba, sai a ce raina gidan ta zo yi. Inna Saude kuwa tana zuwa Roni da turarenta, ba gidan da ba ta shiga.

“Tulu, ki auna min da kamu, ki yi kamar kina gyara mayafi,” in ji Gwaggo. “Faɗin ƙofa, kwanar, da ƙofar ciki. Kada ki tsaya surutu ki manta.”

“Ni ce zan manta? Ke dai ki tanadi gatari.”

Ta je ta dawo da awo a ka, ta karanto, Gwaggo ta gina. Ta yi zauren da jan bulo, ta yi tsakar gida, ta yi ɗakin Ikilima har da labule. Kujerar ita ta auna ta da hannunta a shagon kafinta, doguwa mai zaman mutum uku. Da ta tura ta roba cikin zauren, sai ta sha kwana ta fita salin-alin, har da sarari. Gwaggo ta kira duk matan gida ta sake yi a gabansu.

Ranar jere muka ɗauki hanyar Roni, kaya a a-kori-kura, mu a baya a mota, faranti a cinyata an lulluɓe shi da ɗankwali. Malam Halliru yana zaune a tabarma a gindin dalbejiyar ƙofar gida. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya amsa yana kallon motar kaya. Samarin gidan suka fara shiga da kaya. Katifa ta lanƙwasa ta wuce, gado a kwance yake katako-katako, ƙananan kujeru suka bi. Doguwar ta shiga ƙofar farko, ta kai kwana, ta tsaya.

Suka ja baya suka karkata ta, ta tsaya. Suka ɗaga ta tsaye, ta taɓo azara. Wani ya ce a tura da ƙarfi, sai Malam ya yi gyaran murya, kowa ya saki hannu.

“A fito da ita a hankali, 'ya'yana,” ya ce.

Aka ajiye ta a ƙofar gida, ledarta tana ƙyalli a rana. Matan gidan suka cika zauren suna leƙe. Wata gwaggon ango ta ce ai ba komai, a bar ta nan, awaki ma suna son wurin hutawa.

Gwaggo ta ratsa matan. Ta shiga zauren, kunya ta riga ta ƙare, ta dafa gwiwar hannu a bango ta auna da kanta. Ta sake aunawa. Sannan ta fito.

“Tulu, zo nan. Miƙo hannunki.”

Suka haɗa gwiwar hannu da gwiwar hannu. Yatsun Inna Saude a wuyan hannun Gwaggo suka tsaya. An auna zaure da ɗan guntun kamu, ya fito ƙato a faranti, an auna kujera da dogon kamu, ta fito 'yar ƙarama. Dariya ta tashi daga zaure har cikin gida.

“Kamu kika ce,” in ji Inna Saude. “Kin ce min in ari hannunki in tafi da shi?”

“Laifina ne da na aiki muciya awon gida.”

“Muciyar dai ta je ta dawo. Giginya kuwa tana gida tana wasan yara.”

Wani saurayi ya kawo shawarar a kira kafinta ya raba kujerar biyu. Wani ya ce ɗan gefen kwanar kawai za a kankare, ba mai ganewa. Malam ya dube shi, mai maganar ya janye ta. Amarya kuwa washegari za a kawo ta, kuma masu ganin ɗaki kujerar nan za su fara nema.

Gwaggo ta zauna a ƙasa kusa da tabarmar Malam, ta ce in miƙo faranti. Ta yaye ɗankwalin, ta ɓalle bangon zauren, wani da yatsa wani da haƙori, ta sake gina shi da awon hannunta. Malam ya matso yana kallo, har ya nuna mata inda ta manta da dakalin cikin zaure, ta ƙara. Ta tura 'yar kujerar, ta maƙale a daidai inda babbar ta maƙale. Ta gwada ta gefe, ta gwada ta baya. Da haushi ya kama ta, sai ta tsame ta da yatsu biyu ta dangwarar a tsakar gidan faranti, kamar yadda take yi kullum idan za ta shirya ɗaki.

“Hajiya, sake yi in gani,” in ji Malam.

“Allah gafarta Malam, ai ba ta wucewa.”

“Ba turawar ba. Wancan da kika yi yanzu.”

Gwaggo ta dubi yatsunta, ta dubi kujerar a tsakar gida, ta ɗaga kai ta dubi katanga.

“Ni zaure na ce,” Malam ya ƙara. “Katangar nan ni na ɗora ta, kuma ban iya gini ba.”

Aka aro tsani biyu, aka kwanto igiyar guga, aka shimfiɗa buhuna a kan katanga ta wajen garken awaki inda ta fi gajarta. Gwaggo ta tsaya a waje tana ba da umarni, don ita kaɗai ke hango kan katangar ba ta yi ɗage ba. Kujera ta hau, ta ɗan yi lilo a sama, ta sauka cikin gida. Mata suka rangaɗa guɗa, awaki suka watse. Malam ya tashi ya shiga zaurensa, ya shafa kwanar da tafin hannu, ya duba, ya fito ya nuna wa Gwaggo hannun babu ƙasa.

Da za mu tafi ya ce a bar masa farantin. Gwaggo ta ce jan bulonta duka yana ciki, ya ce to ta zo ta karɓa ran suna. An yi suna, ba ta karɓo ba, yana nan a zauren yana nuna wa baƙi. Tana ci gaba da jere, sai dai yanzu ta yanke karan dawa daidai tsawon kamunta, shi take bai wa duk wanda za ta aika. Na farko Inna Saude ta bai wa.

“Me zan yi da shi?”

“Ki riƙe, Tulu. Ko ba awo, kya riƙa zaro kaya daga kan kanta.”