Hannun da Kaka Ta Riƙe

A gidanmu na Dakoro, da an idar da magariba Kaka Hasiya takan ja tabarma kusa da murhu, mu jikoki mu kewaye ta. Gefen cinyarta na dama na Ila ne, ɗan kawuna. Ni kuwa kullum ina can inda hayaƙi ke bi. Har yau abin yana ci mini rai.

Uban Ila ya yi shekaru yana jan taru a bakin teku, can Kwatano. Ya dawo da rediyo da kuma hannun da ba ya dunƙuluwa. Ina jin shi ya sa Kaka ta fi yawan ba mu labarin Ɗan Rijiya, gwanin jan guga, wanda ya ji an ce akwai ruwa marar iyaka, ya tafi gwada ƙarfinsa a jan taru. Masunta suka ce ya riƙa sauya kafaɗa, ya daina naɗe igiya a wuyan hannu. Ya yi dariya, ya ce ai haka ake yi a rijiyar gida.

"Amma rijiya, in tulu ya cika an huta," in ji Kaka. "Teku ba ta da tulu. Kullum ya ja sai ta zare mai jijiya guda, har ranar da ya kai hannu ga akushi, loma ta gagare shi."

Tana faɗa tana murza yatsun Ila da man shanu, ɗaya bayan ɗaya. Wata rana na miƙa nawa hannun. Ta ture shi.

"Kai lakkwal za ka tahi karatu, alƙalami bai karya kowa. Wanga kuwa idonai na kudu."

Ranar ko tuwo ban ci ba don haushi.

Duk da labarin, Ila ya girma ya bi sawun ubansa. Hotunansa a bakin ruwa suka riƙa zuwa ta waya, ina kallo ina tsaki. Ashe shi ma naɗe igiyar yake yi, irin ta gida. Bara ya dawo. Likita ya ce jijiyoyin kafaɗa da na wuyan hannu sun gaji da motsi iri ɗaya. Yanzu ni nake sa masa maɓallin riga.

Na gane ba fifiko Kaka take yi ba, tsoro take ji. Amma ganewar ba ta raba ni da kishin ba. Jiya ina shafa wa Ila man shanu, sai ya lumshe ido ya ce, "Wallahi hannunka kamar nata."

Na ci gaba da shafawa. Ni ban san yadda hannunta yake ba.